Yadda Ake Cin Gasasshiyar Agwagwa da Romo Irin na Kanton a Abuja

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa saro kaya a Gwanzu ya san shagunan nan da ake rataye gasassun agwagi a bayan gilashi, jajaye suna sheƙi, mai sara yana tsaye a gaban katakonsa da faffaɗar wuƙa. Wannan birni, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton, shi ne babban birnin lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin, kuma girkinsa ne ake yi a Hong Kong da Makau. Girki ne da ba ruwansa da yawan barkono, domin abin da masu yinsa suke so shi ne a ji ɗanɗanon nama ko kifi yadda yake. A Abuja akwai gidajen abincin Sinawa a unguwanni irin su Wuse II da Maitama da Garki, amma da yawansu suna haɗa girkin yankuna daban-daban a takardar abinci guda, saboda haka wanda yake son agwagwa da romo irin na Kanton sai ya san abin da zai nema tun kafin ya bar gida.

Abu na farko shi ne a buga waya a tambaya, kuma ya fi kyau a yi hakan tun ana gobe za a je. Gasa agwagwa irin wannan aiki ne mai cin lokaci. Ana zuba mata haɗin kayan ƙamshi a cikin cikinta, wanda ya ƙunshi citta da tafarnuwa da kirfa da kanumfari da wani ƙamshi mai siffar tauraro da kuma daddawar waken suya, sannan a ɗinke cikin da tsinken ƙarfe don kada ruwan ya zube. Daga nan a kwara mata tafasasshen ruwa fatar ta ɗame, a shafe ta da ruwan zaƙi da aka gauraya da khal, a rataye ta ta sha iska na sa'o'i masu yawa, wani lokaci har ta kwana, kafin ta shiga tanda a rataye. Gidan da ba ya samun masu nemanta kullum ba zai yi wannan wahala don jiran tsammani ba, zai gasa ne ya ajiye a firji, in an nema ya ɗumama. A wayar sai a tambayi ko a ranar ake gasawa da kuma ƙarfe nawa take fitowa daga wuta, sannan a sa lokacin zuwa ya yi daidai da fitowarta.

A wannan wayar ce kuma ya kamata Musulmi ya yi tambayoyin da suka fi komai nauyi, kuma ina ganin babu dalilin jin kunya ko kwana-kwana a kansu. Tambayar ko akwai alade a cikin abincin ba ta isa ba, domin ma'aikaci zai iya cewa babu, kuma gaskiya ya faɗa, alhali matsalar tana wani wuri. A al'adar Kanton, tandar da ake gasa agwagwa ita ce ake gasa naman alade, ana rataye su kusa da juna kitse yana ɗiga, kuma katako ɗaya da wuƙa ɗaya ake sara su. Haka nan masu girki da dama suna zuba giyar shinkafa ko wata giya mai ƙamshin fure a cikin haɗin da ake ɗura wa agwagwar. Don haka sai a tambayi daga ina ake kawo agwagin kuma wa yake yanka su, a tambayi ko gidan yana sarrafa alade ko kaɗan, in yana yi ko an raba tanda da katako, sannan a tambayi batun giya. Idan mai amsa wayar ya fara inda-inda, a roƙe shi ya haɗa mutum da manaja ko babban kuku. Wannan ba baƙuwar tambaya ba ce ga Basine, domin a ƙasarsu akwai miliyoyin Musulmi, akwai gidajen abinci na halas masu alamarsu a ƙofa, a Gwanzu ma akwai masallacin Huaisheng wanda yake cikin mafiya daɗewa a ƙasar, kuma a Hong Kong, a ginin masallacin Ammar da ke unguwar Wan Chai, akwai ɗakin cin abinci da ake girkin Kanton na halas. Idan amsar ba ta kwantar da hankali ba, a nemi wani gidan.

Idan an zauna an karɓi takardar abinci, a lura cewa agwagwa iri-iri ce. Ta Beijing ana yanyanka ta siri-siri ba ƙashi, a naɗe ta a cikin wata 'yar gurasa marar kauri tare da lawashin albasa da kokwamba, kuma darajarta tana cikin fata. Akwai kuma wadda ake dafawa sannan a soya cikin mai a yayyaga naman, wadda ta yi suna a gidajen Sinawa na Ingila. Ta Kanton dabam take: ana kawo ta a sare da ƙashinta, a kwara mata ruwan da ya taru a cikinta lokacin gashi, a ajiye wata 'yar miya mai zaƙi da tsami a gefe don dangwala. Ana sayar da ita guda ko rabi, wasu gidajen har kwata. Rabi yakan ishi mutum biyu ko uku in akwai wasu cimar a tebur, guda kuma ta ishi iyali mai mutum biyar ko shida. Wanda zai sayi kwata ya nemi ɓangaren cinya, domin ya fi taushi da maiƙo, ƙirji kuwa yana saurin bushewa.

Agwagwa mai kyau ana gane ta tun daga ido. Fatarta ja ce mai duhu ko'ina daidai, ba ƙuna ba fari-fari, kuma kitsen da ke ƙarƙashinta ya narke saura kaɗan. Idan aka ga farin kitse mai kauri ya daskare, ko fatar ta yamutse ta yi laushi, to ɗumame ne. A ci ta da zafinta tare da farar shinkafa, domin shinkafar ce take shanye ruwan naman, soyayyar shinkafa kuwa tana danne ƙamshin. A yi hattara da ƙananan ƙasusuwa, musamman in akwai yara, domin sarar wuƙa takan bar tsini.

Romo kuwa shi ne abin da mutanen Kanton suka fi ji da shi, kuma da shi suke buɗe cin abinci. Kada mutum ya sa ran farfesu, domin babu attaruhu babu yaji, ruwa ne garai-garai da aka bar shi a kan ƙaramar wuta na sa'a biyu zuwa huɗu har ƙashi da nama suka saki duk abin da ke cikinsu. Ana sa masa abubuwa irin su jan dabinon Sin da saiwar bado da karas da masara da busassun kayan teku, kuma suna zaɓarsu gwargwadon yanayi, wasu don rage zafin jiki a lokacin zafi, wasu don ɗumama shi a lokacin sanyi. Akwai kuma wanda ake rufewa a cikin ƙaramin tulun tangaran a turara shi, a kawo wa kowa nasa. Gidan da ya san aikinsa yakan yi romon ranar tun da safe, kuma shi ya fi dacewa a fara tambaya.

Sai dai a nan ne aka fi faɗawa cikin abin da ake gudu. Romon Kanton na asali galibi da ƙashin alade ko tsokarsa ake kafa shi, har da wanda aka rubuta cewa na kaza ne, kuma babban romon da kuku yake ajiyewa a kicin yana ɗiba yana zuba wa ganye da taliya yakan ƙunshi kaza da alade da busasshiyar cinyar alade. 'Yan ƙullin fulawar nan da ake kira wantan, waɗanda suke yawo a cikin romo, su ma a asalinsu alade ne da jatan lande a ciki. Tambayar da za a yi ita ce da wane ƙashi aka dafa ruwan. Idan ana shakka, mafita mai kyau ita ce a nemi a yi romon kifi nan take da ruwa zalla: ana soya kifin sama-sama da citta, a zuba masa tafasasshen ruwa ya yi fari kamar madara, a sa awara da ganye. Ba ya ɗaukar lokaci, kuma a ganina ya fi romon masara da ƙwai mai kauri da mutane suka saba nema.

Bayan agwagwa da romo da shinkafa, ganye ɗaya ya isa ya cika teburin, ko dai soyayye da tafarnuwa ko kuma da miyar kawa, wato wadda ake yi da ruwan wani naman teku mai ɓawo. Ana ajiye komai a tsakiya kowa ya ɗiba da cokalin rabo zuwa kwanonsa, kuma a bar manya su fara. Wanda bai iya sandunan cin abinci ba ya nemi cokali mai yatsu, babu mai ganin laifinsa, amma kada a soke sandunan a tsaye cikin shinkafa, domin a wurinsu hakan yana kama da turaren da ake kunna wa mamaci. Shayinsu ba sukari ba madara, kuma yana wanke maiƙon baki. Ana fara zuba wa na kusa kafin a zuba wa kai, kuma in buta ta ƙare sai a ɗage murfinta a bar shi a karkace, ma'aikaci zai gane ya ƙaro ruwa.

Kafin a yi oda a tambayi ko kuɗin da ke rubuce ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da kuma kuɗin hidima, domin gidaje da yawa sai a ƙarshe suke ɗora su. Abin da ya rage na agwagwa a sa a ƙunshe, amma kada a rufe robar ruf tun naman yana tururi, in ba haka ba fatar za ta jiƙe kafin a isa gida. Washegari a ɗumama shi a kasko ko a tanda, fatar tana sama, ƙasusuwan kuma a tafasa su da citta da shinkafa kaɗan har ta narke ta zama fate, yadda ake yi a gidajen Kanton da safe.