Kurakuran da aka fi yi wajen auna ɓarzajjen koko da kofin awo

Wasu masu kek da biskit na sayarwa kan sa ɓarzajjen koko a kayansu, wato ƙwayar kokon da ake yin cakulan da ita, wadda aka ɓare aka farfasa ƙanana. Sai dai yawancin bayanan girkin da ake samu a intanet da giram suke zuwa, mu kuwa da kofi da gwangwani muka saba.

Kuskuren da ya fi ɓata aiki shi ne a ɗauka giram 240 kofi ɗaya ne. Wannan lissafin ruwa ne, shi ne mililita ɗaya ke daidai da giram ɗaya. Ɓarzajjen koko akwai iska a tsakanin ƙwayoyinsa, don haka kofin awo na Amurka, mai kusan mililita 240, giram 120 ko kusa da haka yake ɗauka. Idan an ce giram 240, kofi biyu ke nan, uwargida. Giram 60 rabin kofi, giram 30 kwata. Babban cokalin awo kuwa giram 7 zuwa 8.

Wasu kuma su ɗauko lissafin garin koko su ɗora masa. Garin ya fi sauƙi, kofinsa wajen giram 85 ne. Kuma ba abu ɗaya ba ne tun asali: an matse yawancin man da ke cikin garin, shi kuwa ɓarzajjen kusan rabinsa mai ne. Ba ya narkewa a kwaɓi, ba zai rina miki kek ya yi duhu ba, ga ɗaci tunda ba sukari a cikinsa. Kar ki musanya wannan da wancan ko da nauyin ya zo ɗaya.

Sai gwangwanin madara. Yana da rana a awon shinkafa da wake, amma bai kai kofin awo ba. Ƙari a kan haka, hannunmu ya saba da awon kasuwa, a cika har ya yi tozo. A nan shafewa ake yi da bayan wuƙa, ba dannawa, ba jijjigawa, don jijjigawa na sa ƙananan su cike gurabe nauyin ya ƙaru. Idan kuma za ki daka shi, ki auna kafin ya shiga turmi.

A ganina, mai yin na sayarwa ta daure ta sayi ƙaramin sikeli mai batir a kasuwar Sabon Gari, don kayan nan ba arha gare su ba. In babu hali, ki ari na maƙwabciya sau ɗaya, ki auna giram 60 ki juye a gwangwaninki, ki karta alama a inda ya tsaya. Ranar da kika canza wurin saye ki sake gwadawa, domin ɓarzar wani ta fi ta wani laushi.