Yadda za ka gane lambar fetur ɗin da ta dace da motarka

Ka tsaya a gidan mai, famfo ɗaya amma tiyo uku, wannan an rubuta 91 wancan 95 na can kuma 98, mai zuba mai yana jiranka ka faɗi wanda kake so. Mafi yawan mutane a nan sai su ce ai mai babbar lamba shi ne mai kyau, in da kuɗi a hannu su saya, in babu su koma ƙaramin suna jin kamar sun cuci motar. Wannan tunanin yana damuna gaskiya, domin wani yana zubar da kuɗinsa a banza, wani kuma yana kashe injinsa a hankali bai ma sani ba.

Lambar nan sunanta oktan, kuma ba ƙarfin mai take aunawa ba, ba kuma tsabtarsa ba. Juriyarsa take aunawa. A cikin silinda fistin yana matse iska da fetur, sai fulogi ya ba da tartsatsi a daidai lokacin da ake so, wuta ta bi a hankali ta tura fistin ƙasa. To idan man ba shi da juriya, matsi da zafi kaɗai sun isa su sa wani ɓangarensa ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso wurin, shi ne za ka ji wata ƙara ƙyal-ƙyal kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ba ita ce bugawar da bakanike ke nufi ba in ya ce inji ya buga, amma in aka bar ta tana yi kullum tana iya cinye kan fistin ko ta fasa ringi har a kai ga waccan ɗin. Ma'aunin kansa daga sinadarai biyu aka ɗauko shi, isooktan mai jure matsi sosai aka ba shi 100, heptan da ke saurin fashewa aka ba shi 0, duk man da aka ce 95 ne ana nufin yana jurewa kamar haɗin kashi 95 na farkon da kashi 5 na biyun.

Toh, abu na farko da za ka yi ba ya buƙatar bakanike ko kaɗan. Buɗe murfin tanki ka duba bayansa, motoci da yawa akwai sitika a wurin an rubuta mafi ƙarancin lambar da injin zai ɗauka. In ta goge ko babu, ka ɗauko littafin motar ka nemi shafin mai, in littafin ma ya ɓata kamar yadda yakan faru da motar hannu, ka shiga intanet ka sa sunan motar da shekararta da girman injin, kamfanoni da yawa suna ajiye shi kyauta. Girman injin nan kar ka tsallake shi, mota iri ɗaya shekara ɗaya tana iya zuwa da inji biyu ko uku kowanne da man da yake so.

Sai abu na biyu, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Lambar da ka gani a wane ma'auni take? Turai da mafi yawan ƙasashen duniya suna amfani da RON, shi ne 91 da 95 da 98 ɗin nan. Amurka da Kanada kuma AKI suke rubutawa a famfo, wato a haɗa RON da wani gwaji mai tsanani da ake kira MON a raba biyu, shi ya sa lambarsu take fitowa ƙasa da kamar 4 zuwa 5 alhali man ɗaya ne. Kenan 87 na Amurka kusan 91 ne ko 92 a RON, 91 ɗinsu kusan 95 ne, 93 kuma yana wajen 98. Ka ga wanda ya sayi motar da aka ƙera don kasuwar Amurka, littafinta ya ce 91, ya je ya ga famfo an rubuta RON 91 ya ce shikenan ga nawa, wallahi ya yi kuskure, man da ya zuba ƙasa yake da abin da motar ta nema, 95 ya kamata ya sa. Saboda haka ka duba haruffan da ke kusa da lambar a littafi, ka duba na jikin famfo, in ba iri ɗaya ba ne ka yi lissafin nan kafin a fara zubawa.

Na uku ka karanta da kyau ko kamfanin cewa ya yi dole ne, ko kuwa shawara ya bayar. In dole ne to ba ciniki, kar ka sauka ƙasa. In shawara ce motar za ta yi tafiya da ƙaramin ba tare da ta lalace ba, domin motocin zamani suna da sensa da ke sauraron ƙarar nan, da ta ji sai kwamfutar motar ta ɗan jinkirta tartsatsin fulogi, ƙarar ta ɗauke amma ƙarfi ya ragu kaɗan kuma shan mai yana iya ƙaruwa. A irin wannan motar ni ina ganin a zirga-zirgar yau da kullum ƙaramin ya wadatar, ranar doguwar tafiya da kaya ko hawan tudu cikin zafi sai a ba ta babban.

Wanda kuma littafinsa ya ce 91 RON ya isa, don Allah ka tsaya a nan. Zuba 98 ba zai ɓata komai ba, amma ba zai ƙara maka gudu ba kuma ba zai wanke inji ba, injin da ba a ƙera shi ya yi matsi mai yawa ba ba shi da yadda zai amfana da juriyar da ka biya. Sinadaran wanke bututun mai daban suke da oktan.

Kar kuma ka yi hasashe da ido. Gaskiya ne injin da ke da tobo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji) ko matsi mai yawa ya fi neman babbar lamba, amma ba kullum ba, injin Skyactiv-G na Mazda da ake sayarwa a Amurka matsinsa 13 ne bisa 1 kuma 87 AKI yake sha lafiya lau. Tsadar mota ko girmanta ba su ne ma'auni ba.

Bayan ka zuba sai ka saurara. Kashe rediyo, sauke gilas, ka taka totur a kan tudu ko lokacin da giya take sama gudu yana ƙasa, nan ne ƙarar take fitowa in za ta fito. In ka ji ta alhali lambar da aka ce ka zuba, gwada ta sama da ita tanki ɗaya, in ta ɗauke to watakila tsohon inji ne da baƙin gawayi ya taru a kan fistin ya ƙara matsi, ko kuma man wancan gidan ne bai kai abin da aka rubuta ba. In ba ta ɗauke ba matsalar ba ta mai ba ce, a duba fulogi da sensa da kuma ko injin yana zafi fiye da ƙima.

Akwai wata lamba da ake gani a famfo wadda ba oktan ba ce, E5 ko E10 ko E85, ita tana nuna yawan etanol ne a cikin man, wato wani sinadarin barasa da ake gaurayawa da fetur. E10 kashi 10 kenan, yawancin motocin yanzu suna ɗauka, amma wasu tsofaffi yana cin robobin layin mansu. E85 kuwa kar ka kusance shi sai in an rubuta ɓaro-ɓaro cewa motarka tana shan sa.

In kuma ta faru ka riga ka zuba ƙarami a motar da ke buƙatar babba, ko ka tsinci kanka a hanya babu wani sai shi, kar hankalinka ya tashi, ba sai an zuƙe tanki ba kamar wanda ya zuba dizal. Zuba kaɗan daidai wanda zai kai ka gaba, ka bi ta a hankali ba taka totur da ƙarfi ba jan kaya, da ka samu babban sai ka cika a kai, domin in suka gauraya lambar tana faɗawa tsakiya ne gwargwadon yawan kowanne, rabin tanki 91 da rabi 98 zai ba ka wajen 94 ko 95.