Yadda Ake Yin Thepla Mai Tafarnuwa Irin Ta Mutanen Gujarat

Thepla wata gurasa ce marar kauri da mutanen jihar Gujarat, a yammacin Indiya, suke yi da garin alkama, ba yis ba bakin hoda. Ita ce guzurinsu in za su yi doguwar tafiya a jirgin ƙasa, domin tana kwana ba ta yi tauri ba. Wadda ta fi shahara ita ce mai ganyen hulba, amma a yankin Kathiyawar, wajajen birnin Rajkot, inda ake son tafarnuwa da yaji, akan yi ta da tafarnuwa. Mabiya addinin Jain, waɗanda suke da yawa a jihar, ba sa cin tafarnuwa da albasa, shi ya sa ba kowane gida ake yin irin wannan ba.

Ki tanadi garin alkama kofi 2, tafarnuwa ƙwara 8 zuwa 10, kindirmo babban cokali 3, man gyaɗa babban cokali 2 ban da na gashi, riɗi babban cokali 1, garin barkono ƙaramin cokali 1, kurkum rabin ƙaramin cokali, gishiri, da ruwa kamar rabin kofi. Wannan zai ba ki thepla 10 zuwa 12.

Maganar gari tukuna. Ba fulawa ake nufi ba, alkama ce da aka niƙa da dusarta. In ke za ki kai niƙa, ki ce wa mai inji ya maimaita har ta yi laushi sosai, sannan ki tankaɗe da rariya mai ƙananan ido. Gari mai tsaki-tsaki yakan tsage wajen murzawa.

Ki ɓare tafarnuwar, ki daka ta da ɗan gishiri a turmi har ta zama kamar man shafawa. Nan ne aikin yake. In kika yanka ta gutsi-gutsi, za ta huda kwaɓin lokacin murzawa, ta ƙone a kasko, ta bar ɗaci. Dakakkiya kuwa takan bi garin ko'ina. Mai son citta tana iya jefa ɗan yanki a turmin.

Sai ki zuba gari a roba, ki sa riɗi, barkono, kurkum, gishiri da tafarnuwar. Ki zuba man gyaɗa ki murtsuka da yatsu har garin ya sha man kafin ruwa ya taɓa shi. Kada ki yi rowar wannan mai, shi da kindirmo ne suke sa thepla ta kwana da laushinta. Ki sa kindirmon, sannan ruwa kaɗan-kaɗan, kina kwaɓawa kamar minti 5, har kwaɓin ya yi laushi amma ba ya manne wa hannu. Ki shafa masa mai, ki rufe, ki bar shi ya huta minti 20.

Ki raba shi, ki cura kowane kashi kamar girman ƙwan kaza ƙarami. Ki barbaɗa gari a faranti ko katako, ki murza har ya yi faɗin ƙaramin faranti, siriri amma ba har a hango katako ta cikinsa ba. Matan Gujarat suna da siririn sandan murzawa da suke kira velan. Kwalba mai santsi ma tana yi. Garin barbaɗawa kada ya yi yawa, ƙonewa yake yi ya bushe gurasar.

Ki ɗora kasko mai faɗi ya yi zafi sosai, sannan ki mayar da wutar matsakaiciya. Ki shimfiɗa guda ɗaya. Da kin ga ƙananan kumfa sun taso, ki juya, ki shafa mai kamar rabin ƙaramin cokali, ki sake juyawa ki shafa wa ɗaya gefen, kina dannawa da bayan cokali musamman baki-baki. In ɗigo-ɗigon ja sun fito a gefe biyun, ta yi. Duka bai kamata ya wuce minti 2 ba. Wuta ƙasa-ƙasa ita ce take ɓata thepla: kafin ta nuna ruwan jikinta ya ƙafe, sai ta koma ƙamas.

Duk wadda kika sauke ki ɗora ta kan 'yar'uwarta cikin tsabtataccen ƙyalle, ki rufe. A Gujarat ana cinta da shayi mai madara da safe, ko da kindirmo, ko da chhundo, wani haɗin ɗanyen mangwaro da ake gogawa a dafa da sukari da barkono. In ta guzuri ce, ki ƙara mai wajen gashi, ki bari ta huce sarai kafin ki sa a mazubi, don gumi ne yake sa ta yi saurin lalacewa. Lokacin zafi kada ta wuce kwana 2 a waje. Sauran ki sa a firij, ki ɗumama a kasko in za a ci.