Kurakuran da Ɗaliban Katun da Siddabarun Fim Suka Fi Yi Wajen Neman Ilhama

Duk wanda ya fara koyon zane mai motsi ko siddabarun fim, wato abin da 'yan harkar ke kira VFX, akwai ranar da zai buɗe Blender ko After Effects ya ƙura wa allo ido, kansa ya ɗauke wuta. Manhaja ga ta, hannu ya ɗan faɗa, amma abin da za a ƙera ya ƙi zuwa. Sai a jawo waya a shiga YouTube ko Instagram da sunan neman ilhama. Kafin a ankara awa biyu ta wuce, data ta ƙare, an kalli aikin mutum hamsin, ba a motsa ko layi ɗaya ba. Abin da aka tashi da shi kawai sanyin gwiwa ne.

Babban kuskuren, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne neman ilhama a cikin aikin da wani ya riga ya gama. Ka ga dafaffen tuwo a akushi, ba ka ga surfe da niƙa da talge ba. Su waɗanda kake kallon aikinsu ba allo suka kalla ba, duniya suka kalla. Kafin a zana The Lion King na 1994, masu aikin sun je Kenya sun ga daji da idonsu, sannan aka riƙa kawo musu zakuna masu rai har cikin ɗakin zane suna duban yadda kafaɗa ke hawa da sauka in zaki na tafiya. A Japan ma, lokacin da ake aikin Spirited Away na 2001, an zo wurin da yarinya za ta buɗe bakin wani dodon maciji da ƙarfi ta tura masa magani. Matasan masu zanen ba su taɓa ba kare magani ba, sai da aka je asibitin dabbobi aka ɗauki bidiyon yadda leɓe da dasashin kare ke yi in an ɓare masa baki. Tun 1878 mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya ya ɗauki doki yana gudu, aka tabbatar akwai lokacin da duk ƙafafunsa huɗu ke barin ƙasa, kuma a lokacin a naɗe suke ƙarƙashin cikinsa, ba a miƙe ba yadda masu zane suka shekara ɗaruruwa suna zanawa. Mutanen nan kullum suna tare da dawakai, amma kwafar juna suke yi, shi ya sa kuskure ɗaya ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. Wayar da ke aljihunka ta fi duk kyamarorin Muybridge. Fita ka ɗauki sakan goma na abu ɗaya, ka dawo ka bi shi hoto bayan hoto. Ka ɗauki kaza tana tafiya: za ka ga kanta yana tsayawa cak a wuri ɗaya yayin da jikin ke matsowa, sannan ta cilla kan gaba. Ka ɗauki raƙumi: ƙafar gaba da ta baya na ɓangare ɗaya ke tafiya kusan tare, abin da ya sa mahayinsa ke rangaji hagu da dama ke nan. Wanda ya ɗora wa raƙumi tafiyar doki, ko yaron da ke kiwo zai ce masa wannan ba raƙumi ba ne. Ka ɗauki ƙadangare yana gyaɗa kai a jikin katanga, da akuya in za ta kwanta, ta fara durƙusawa da gwiwoyin gaba. Ka ɗauki dattijo yana gyara babbar riga a kafaɗa: hannu ya gama motsi ya tsaya, amma shaddar tana biyowa daga baya, ta ɗan wuce, ta dawo ta zauna. Wannan jinkirin na tufafi yana cikin ƙa'idoji 12 na zane mai motsi da Frank Thomas da Ollie Johnston, masu zanen kamfanin Disney, suka tattara a 1981. Ɗalibai da yawa sun haddace su kamar karatun allo, amma ba su taɓa gane su a jikin rigar babansu ba.

In kuma dole sai aikin wani za ka kalla, to kalle shi kallon mai koyo. A YouTube na kwamfuta, in ka tsayar da bidiyo, maɓallin waƙafi da na aya suna matsar da shi hoto ɗaya baya ko gaba. Zaɓi sakan uku kacal. Fim na gudu ne da hoto 24 a sakan, ka ƙirga nawa aka kashe wajen ɗaga hannu, nawa wajen saukar da naushi. Galibi za ka tarar shirin dukan ya fi dukan kansa tsawo nesa ba kusa ba. Ɗan dambe ma haka yake, ya daɗe yana lanƙwasa yana auna abokin karawa, kwab ɗaya kuma an gama. Tafiyar mutum ta yau da kullum taku ɗaya kusan hoto 12 ne, wato rabin sakan. Abin da ya faɗo daga tsayin mita ɗaya yana isa ƙasa cikin hoto 11 ko kusa da haka. In naka ya ɗauki 30, mai kallo zai ji kamar auduga ce ta faɗo ko da dutse ka zana.

Akwai wani kuskure da ya fi ba ni takaici, domin masu yinsa da kyakkyawar niyya suke yi. Ɗalibi ya ji an ce a riƙa yin abin gida, sai ya ɗauko mutum-mutumin da ya sauke daga intanet, ya kafa masa hula zanna bukar, ya sa masa kaftani, ya manna dagi a bango, ya ce ya yi katun na Hausa. Amma da halittar ta motsa sai ka ga ɗan Amurka: tana buɗe hannuwa, tana ɗaga kafaɗa, tana zare wa babba ido in tana magana. Kaya ne na gida, jiki na aro. Hausancin yana cikin motsi. Yaro in zai gaida mahaifinsa yakan rage tsawo tun kafin ya iso, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Budurwa in kunya ta kama ta takan ja bakin mayafi ta kawar da kai. Uwa tana iya tsawata wa ɗanta a gaban baƙi da harara kaɗai, ba ta ce uffan ba. Mai talla da faranti a ka wuyanta ba ya motsi, idanunta da ƙugunta ke aikin. Tsaki, tafa hannu na mamaki, riƙe haɓa, nuni da leɓe maimakon yatsa: babu bidiyon koyarwa daga waje da zai ba ka waɗannan, kuma su ne za su sa ɗan kallo a Zariya ko Maraɗi ya yi dariya ya ce wallahi haka Inna take yi.

Mun ma riga mun sami wanda ya share wannan hanya. Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin na farko-farkon masu zane mai motsi a Afirka. Ya sami horo a Kanada wajen ƙwararren mai zane mai motsi Norman McLaren, amma da ya tashi aikinsa kwaɗi ya ɗauko. A Bon Voyage Sim na 1966, shugaban ƙasar kwaɗi ne ke tafiya ziyarar aiki da duk tsarabe-tsaraben faretin shugabannin zamanin. Yana da wani da ya yi da 'yan tsana kan kokawar gargajiya, dabbobi ne 'yan wasan. Fasahar ya koyo a waje, abin dariyar da abin faɗar kuwa a ƙofar gidansa ya tsinto.

Masu siddabaru su ma suna da tasu matsalar, kuma haske ce. Ɗalibi zai ɗauki hoton layinsu da rana tsaka, ya ɗora mota ko dodon da ya ƙera a kwamfuta, amma ya haska shi da hasken da ya zo cikin manhaja ko wanda aka ɗauko a wata ƙasa mai sanyi. Abin sai ya zauna a kan hoton kamar an liƙa shi da ƙaro. Kano tana kusan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka da azahar rana kusan a tsakar ka take: inuwa gajera ce, baƙa, mai kaifin baki, a ƙarƙashin ƙafa. Jar ƙasa kuma tana mayar da haske sama, ta rina ƙasan haɓa da cikin mota da ɗan ja. Da hunturu lamarin ya juye: hazo ya rufe sama, inuwa ta yi laushi, abin da ke nesa ya dusashe ya koma fari-fari. Ƙwararru kan ajiye ƙwallo biyu a wurin ɗauka, ɗaya mai sheƙi kamar madubi, ɗaya ruwan toka, don su san inda haske ya fito da ƙarfinsa. Kai ko bayan sabon ludayin ƙarfe da ƙwallon roba da ka shafa wa tokar fenti za su yi maka. Ka ɗauki hotonsu a daidai inda dodonka zai tsaya, a daidai lokacin da ka yi ɗaukar. Kar kuma ka manta da inuwar da ke daidai inda ƙafa ta taɓa ƙasa. Rashinta ne ya sa aljanun finafinai da yawa suke zama kamar suna shawagi bisa ƙasa, ba don tsafi ba, don mantuwar edita.

Wannan ya kawo mu ga masu ɗaukar cewa siddabaru shi ne wuta da hayaƙi da walƙiya daga tafin hannu. Kusan kowane ɗalibi da su yake farawa, kuma su ne suka fi saurin tona asirin ɗan koyo. Aikin da ya fi yawa a masana'antar shi ne wanda ba a lura da shi: goge waya ko igiya, sauya sararin sama, mayar da mutum ashirin su zama taron dubu. A Forrest Gump na 1994 an goge ƙafafun ɗan wasa Gary Sinise don ya fito a matsayin sojan da aka yanke wa ƙafa, kuma mutane da yawa sun kalla ba su san da hannun kwamfuta ba. Jurassic Park na 1993 da ake ta ambato, dabbobin da aka yi da kwamfuta ba su kai minti goma a fim ɗin ba, sauran manyan butum-butumi ne da aka ƙera da hannu. Gwada wannan: ɗauki wani tsohon lungu, ka goge wayoyin lantarki da tauraron ɗan'adam da ke kan rufi da ledojin ƙasa, har ya koma kamar shekara ɗari baya. Mai shirya fim ɗin tarihi zai biya ka kan wannan kafin ya biya ka kan ƙwallon wuta.

Sai batun donot, wato soyayyen fulawa mai zagaye da rami a tsakiya. Duk wanda ya koyi Blender ya san darasin Andrew Price na ƙera donot, kuma darasi ne mai kyau. Laifin shi ne sa shi cikin kundin aikin da za ka nuna wa mai ɗaukar aiki, wanda ya riga ya ga irinsa har ya gaji. Ka gama darasin, ka rufe bidiyon, ka ƙera ƙosai a kasko da mai yana tafasa, ko masa a tanda. A nan za ka san ko ka koya ko bin yatsa kawai ka yi. In ka kwaikwayi aikin wani don koyo, ka rubuta sunansa a jiki, ba abin kunya ba ne. Kunyar tana ranar da aka gano ka ɓoye.

Wasu kuma ilhamar ce ke kashe su. Su kalli aikin kamfanin da ke da ɗaruruwan ma'aikata, su dubi tsohuwar laftof ɗinsu da wutar da ba ta tsayawa, su ce sai sun sami babbar kwamfuta. Ka tsaya ka karanta jerin sunayen da ke fitowa a ƙarshen irin waɗannan finafinai: wani gashi kaɗai yake yi, wani ruwa, wani tufafi. Kai kaɗai ba za ka zama su duka ba, kuma ba a ce ka zama ba. Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya shi kaɗai ya yi dogon fim ɗinsa na farko a 2019. Na biyun, Flow, da Blender aka yi shi, manhajar da kowa ke saukewa kyauta, ba kalmar magana ko ɗaya a ciki, kuma ya ci kyautar Oscar a 2025. Ka yanke aikinka daidai ƙarfin na'urarka: sakan goma, hali ɗaya, wuri ɗaya. Luxo Jr. da kamfanin katun na Pixar ya yi a 1986 fitilun tebur biyu ne da ƙwallo, minti biyu.

Tara hotuna ba iyaka shi ma cuta ce. Mutum na da hoto dubu uku a waya da sunan madogara, bai sake buɗe ko ɗaya ba. Kowane aiki ka ware masa kamar goma, ka jera su a PureRef, manhajar jera hotuna, ko ka manna a bango, kowanne ka rubuta dalilinsa: wannan don launi, wannan don yadda ƙura ke tashi bayan kofato. Hotunan da ƙirƙirarriyar basira ke fitarwa kuwa kar ka mai da su madogarar motsi ko gini ko sutura. Daga hotunan wasu take haɗo nata, kuma a kan kayanmu takan cakuɗa rawani da abin da ba rawani ba.

In za ka fita ɗaukar mutane, ka nemi izini, musamman mata da yara, kuma ka gaya musu abin da za ka yi da shi. In ba a yarda ba, ka jingina wayar a bango ka kwaikwayi motsin da kanka, yadda masu zane a manyan kamfanoni ke yi a gaban kyamara da madubi. In ka gama, kafin ka ɗora a intanet inda abokai za su cika ka da "sai kai", ka kashe sautin ka nuna wa wanda ya san abin. In akuya ka motsa, kai wa mai kiwo. In hawan sallah ne, kai wa wanda ya taɓa riƙe linzami, ka tambaye shi a wane sakan ne dokin ya daina zama doki.