Yadda Ake Tafiyar da Rumfar Lemo da Alewa a Kasuwannin Sakkwato

Duk wanda zai kafa rumfar sayar da zoɓo, kunun aya da kayan zaƙi a Sakkwato, ya sani cewa zafin gari ne zai tsara masa aikinsa, domin daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Wannan zafin shi ke kawo masu saye, kuma shi ke lalata kaya kafin azahar idan an yi sakaci.

Kafin ka sayi komai, ka je wurin Sarkin Kasuwa ko shugabannin 'yan kasuwa ka nemi wuri, ka ji kuɗin rumfa da na tikitin da ake karɓa. Ko a Kasuwar Daji ne, ko a kasuwannin mako irin na Achida da Illela, ka zaɓi inuwa kusa da masu kayan gwari inda jama'a ke wucewa, amma ka nisanci layin mahauta da bakin kwata saboda ƙudaje.

Kunun aya ne ya fi kawo ciniki, kuma shi ya fi saurin tsami. A jiƙa aya tun dare, a wanke ta da kyau, a kai markaɗe da asuba tare da dabino, kwakwa da citta, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a ɗura a robobi a jera cikin kula, ƙanƙara a ƙasa, ƙanƙara a sama. Idan ka ga robar ta kumbura, ko ta fitar da iska da ƙara da aka buɗe murfin, kunun ya juya, kuma zubar da shi ya fi sayar da shi alheri. A ganina, gara ka yi kaɗan ya ƙare kafin la'asar da ka yi da yawa ka koma gida da saura. Zoɓo ya fi juriya: ana dafa shi tun dare da citta, kanumfari da ɓawon abarba, a sa sukari bayan ya huce. Kankana da lemon zaƙi kuwa a matse su a gaban mai saye.

Ruwan haɗi ya zama dafaffe ko na leda, kuma kada a jefa ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba cikin abin sha. Robobi su zama sababbi. Tsintattun robobi suna da araha, amma ta nan ciwon ciki ke shiga, kuma mai sayen da ya kwanta sau ɗaya ba ya dawowa.

Kayan zaƙi su ne ke riƙe rumfar a lokacin hunturu, sa'ad da mutane suka rage shan sanyi. Iloka, gullisuwa, tuwon madara, kantun riɗi da alewar gyaɗa suna yin kwanaki ba su lalace ba, muddin an ƙulla su a ƙananan ledoji an rufe cikin bokiti mai haske, ƙura da tururuwa ba su same su ba.

Wajen sa farashi, ka haɗa kuɗin aya, sukari, markaɗe, ƙanƙara, robobi, mota da tikiti, ka raba da yawan robobin da ka samu, sannan ka ɗora riba. Ka tanadi canji, ka kuma karɓi tiransifa. A watan azumi ciniki yakan koma tsakanin la'asar da magariba, don haka a jinkirta markaɗen aya zuwa hantsi, a kuma yi cinikin ƙanƙara tun da wuri, domin tana tsada da yamma.