Darasi na Tara: Kafin Ki Karɓi Aikin Yaƙi da Tamowa

A jihohi irin su Katsina da Jigawa da Sakkwato da Borno, ana ɗaukar mata da yawa aikin yaƙi da tamowa. Wasu na bi gida-gida suna auna dantsen yara, wasu na koya wa iyaye haɗa garin kunu da gero da waken suya da gyaɗa, wasu kuma girki suke yi a makarantu. Aiki ne mai lada, ga kuma na cefane. Sai dai inda ake rububi, nan 'yan damfara ke ɗana tarko.

Duk wanda ya ce ki kawo kuɗin fom ko na riga kafin a ɗauke ki, ja da baya. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, irin su UNICEF, sun sha faɗa cewa ba sa karɓar ko sisi daga mai neman aiki. In wani ya zo da tambarinsu yana neman dubu biyar, aljihunsa yake wa aiki.

Sai maganar takarda. Ga yadda abin yakan kasance:

"Yallaɓai, nawa ne albashin?"

"Haba Malama, ai ba za mu ɓata ba. Ki fara tukuna."

"To a rubuta mini."

"Ba ki yarda da ni ba ke nan?"

Wannan ciniki ne na biri a sama. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kodayake dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Aikin sa-kai kuwa alawus ake bayarwa, ba albashi ba. Ba laifi ba ne, amma a faɗa miki tun farko, ki san nawa ne, ki san ranar biya, ki san wa zai biya kuɗin mota. Kada ki dangwala yatsa a takardar da ba ki karanta ba.

Babbar alama tana wajen yadda mutum ya ɗauki yaran. Mai aikin gaskiya ba zai tura ki unguwa ba sai ya koya miki awo. Ana ɗaura ma'aunin a tsakiyar dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. Rawaya gargaɗi ne, kore kuwa lafiya. Za a kuma nuna miki yadda ake danna bayan ƙafafun yaro da babban yatsa: in wurin ya lotsa bai taso ba, sai asibiti. Wanda ya miƙa miki ma'auni da littafi ya ce "je ki cika sunaye", lissafi yake nema don ya nuna wa masu ba da kuɗi.

Haka kuma ƙullin gyaɗar nan da ake kira RUTF, wanda ake ba yara masu tamowa mai tsanani. Magani ne, kyauta ake bayarwa, na yaron da aka auna ne kaɗai. Amma wa bai taɓa ganinsa a tiren mai talla ba? Daga wani sito ya fito. In shugaba ya ce ki rubuta an raba kwali 10 alhali 7 kika gani, ko ki ƙara sunayen yaran da babu su, ki tuna sa hannunki ne a ƙasan takardar, ba nasa ba. Ran da masu bincike suka zo, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kuma wanda ya iya cinye rabon yaro mara lafiya, alawus ɗinki ba zai gagare shi ba.

Kafin ki amsa, nemi wata da ta taɓa aiki a wurin, ki tambaye ta a gefe, ba a gaban mai gidan ba. Wata nawa take bi bashi? Me ya sa ta bari? Ki kuma leƙa sashen lafiya na ƙaramar hukumarku ki ji ko sun san da ƙungiyar.

Aikin aji: ku zauna bibbiyu. Ɗaya ta zama mai ɗaukar aiki, ɗaya mai nema. Mai nema ta yi tambaya uku, ta rubuta amsoshin a littafinta, sannan ta karanta wa aji.