Kurakuran da aka fi yi wajen koyar da na'urori ta hanyar sadarwar iska

A 2017 Google ya sanar da cewa yana gwada wata dabara a madannin Gboard: kowace waya ta koya daga abin da mai ita ke rubutawa, sannan ta aika wa babbar na'ura gyaran da ta yi wa samfurin (wato tsarin lissafin da ke ba mai rubutu shawara) kawai, rubutun ya zauna a wayar. Babbar na'urar ta haɗa gyare-gyaren, ta fitar da matsakaici, ta mayar wa kowa. Wannan shi ne zagaye ɗaya. Masu gina irin wannan tsari sukan yi tuntuɓe a wurare kaɗan da aka sani.

Babban kuskure shi ne a tsara komai kamar sadarwa kyauta ce. A layin waya, ɗora bayani ya fi sauke shi jinkiri, kuma a nan wayoyi ne ke ɗorawa a kowane zagaye. Gyaran shi ne a bar waya ta maimaita koyo sau da yawa a cikinta kafin ta yi aike, a kuma matse lambobin, misali daga bit (ma'aunin girman bayani) 32 zuwa 8 ga kowace lamba. Haka nan kada a jira kowa. Waya ɗaya mai raunin sabis tana iya tsayar da zagaye gaba ɗaya, don haka a gayyaci wayoyi fiye da waɗanda ake buƙata, a sa wa'adi, a rufe da waɗanda suka iso.

Sai dai wannan magani yana haifar da wata cuta, kuma ita ta fi damuna. Gboard yana koyo ne idan waya tana caji, tana kan Wi-Fi, ba a amfani da ita. Wanda ke fama da ɗaukewar wuta a Kano ko Zinder, yana lallaɓa data ɗin da ya saya, da wuya wayarsa ta cika waɗannan sharuɗɗa. In ba a lura ba, samfurin zai ƙware a kan masu wadata, ya jahilci sauran. Dole a riƙa duba su wa ke shiga kowane zagaye, a kuma auna ingancin samfurin rukuni-rukuni, domin matsakaici yana ɓoye waɗanda aka bari a baya. Wani kuskuren kuma shi ne a manta cewa bayanan mutane ba iri ɗaya ba ne. Idan kowace waya ta daɗe tana koyo ita kaɗai, gyare-gyaren sukan ja wa juna baya. Hanyar FedProx tana rage wannan ta hana kowace waya yin nisa da samfurin gama-gari.

Akwai kuma masu ganin tunda bayani bai bar waya ba, sirri ya tsira. A 2019 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna ana iya farfaɗo da hotunan da aka yi koyo da su daga gyaran da aka aika. Saboda haka a ɓoye aiken kowace waya ta yadda babbar na'ura jimilla kawai za ta gani, a kuma yayyafa wa lambobin hayaniyar lissafi, wato ƙananan sauye-sauye na kara-zube, da gangan, ko da ingancin zai ɗan ragu.